Na bar motsa jiki wata 14, duk lokacin da na koma sai jiki ya ƙi

"Assalamu alaikum. Shekarata 44. Na yi kusan shekara biyar ina gudu sau uku a mako, kilomita biyar zuwa bakwai, ina kuma ɗan ɗaga ƙarfe. Sai ƙafata ta dama ta gurɗe, na yi targaɗe a idon sawu, aka ce in huta mako shida. Daga mako shida aiki ya yi yawa, yau da gobe har aka yi wata 14 ban koma ba, na ƙara kilo tara. Sau biyu ina gwada komawa. Na farko na yi kilomita biyar ɗina kamar da, na kwana huɗu ba na iya sauka daga bene. Na biyu na daure har mako uku, sai agarata ta fara ciwo da safe, na daina. Yanzu ko takalmin ba na son gani. Wahalar shekara biyar ta tafi a banza ke nan? Ko shekaru ne suka ce in haƙura?"

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu biyu ke damunka: ko abin da ka tara a shekara biyar ya zube gaba ɗaya, da ko shekaru sun rufe maka ƙofa. Duka biyun amsarsu a'a ce. Aikina gashi da gyaran gaɓoɓi ne, sashen da ake kira fisiyo a asibiti, kuma labari irin naka na daga cikin waɗanda na fi ji. Tsohon hannu da ya dawo yana zuwa mana da irin wannan ciwo fiye da yadda mutane ke zato. Sabon shiga sau da yawa haki ne ke tsayar da shi tun bai yi wa kansa ɓarna ba. Tsohon hannu kuwa ya iya daure haki, yana tuna a minti nawa yake cinye kilomita biyar, sai ya ɗora wa jikin bana lissafin jikin bara. Matsalar ita ce sassan jiki ba sa dawowa tare. Numfashi da tsoka suna saurin farfaɗowa, ƙashi da jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, suna jan ƙafa, kuma ratar da ke tsakaninsu ce ta kayar da kai a mako na uku.

Abin da ya zube da abin da ya rage

Numfashi ne ke fara tafiya. Cikin makonnin farko da daina atisaye ruwan jini yana raguwa, jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ya ragu, sai ta ƙara yawan bugu don ta cike giɓin. Shi ya sa wanda ya huta wata ɗaya kacal yake haki a gudun da a da yake yi yana hira. A wani bincike da aka wallafa a 1984, Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka sun bi mutanen da suka shekara suna atisayen juriya bayan sun daina baki ɗaya. A kwana 21 ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da kashi 7 cikin 100, a kwana 56 raguwar ta kai kashi 16, daga nan kuma sai ta tsaya cak. Kuma inda ta tsaya ɗin yana sama da matakin mutanen da ba su taɓa atisaye ba. Shekarun da mutum ya yi yana gudu suna bar masa ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka waɗanda ba sa saurin gushewa.

Maganar shekaru kuwa, akwai wani tsohon bincike da nake yawan ba wa masu zuwa wurina labarinsa. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku ba tashi. Ƙarfin numfashinsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka sa su atisaye na mako takwas, suka dawo, har suka zarce inda suka faro. A 1996 aka sake kiran mutanen nan biyar, sun kai shekara 50, aka auna su. Sai aka ga shekara 30 na tsufa bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi musu ba. Aka sa su tafiya da sassarfa da tuƙa keke na wata shida, ƙarfin numfashinsu ya koma matakin da yake suna 'yan shekara 20 kafin kwanciyar. Mutum biyar ba su da yawa, amma binciken da aka yi daga baya a kan mutane masu yawa ya bi wannan layi. Kai da kake 44, zama ne ya taɓa ka fiye da shekaru.

Tsoka ta fi numfashi riƙon amana. Hutun mako biyu ko uku kusan ba ya taɓa ƙarfinta. Bayan watanni tana raguwa, amma dawo da ita ba ya cin lokacin da gina ta ya ci. A wani bincike na 1991 da Robert Staron ya jagoranta, wasu mata sun ɗaga ƙarfe na mako 20, suka daina na kusan mako 30, da suka koma sai mako shida ya ishe su dawo da ƙarfinsu. Dalili ɗaya shi ne ƙwaƙwalwa ba ta manta yadda ake sarrafa tsokar ba. Wani dalilin kuma yana cikin tsokar kanta: ƙungiyar Kristian Gundersen a Jami'ar Oslo ta nuna a 2010, a jikin ɓeraye, cewa idan tsoka ta girma tana ƙara yawan cibiyoyin da ke cikin ƙwayoyinta, kuma cibiyoyin suna nan ko bayan tsokar ta motse. Ko wane dalili ne ya fi ƙarfi a jikin ɗan Adam, abin da muke gani a aiki ɗaya ne, wanda ya taɓa ginawa ya fi sabon shiga saurin dawowa.

Me ya sa agara, kuma me ya sa mako na uku

Komawarka ta farko ba ta da wani sirri. Tsamin jiki ne, wanda ke farawa bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu ko na uku, ya wuce cikin mako guda. Yana zuwa ne daga aikin da tsoka ke yi tana riƙe nauyi alhali tana miƙewa, kamar yadda cinya ke yi duk lokacin da ƙafa ta dira ƙasa a gudu. Sauka daga bene irin wannan aikin ne sak, shi ya sa saukar ta fi hawan azaba. Da ka sake fita bayan tsamin ya lafa, da ka ga na biyu bai kai na farko ba, domin tsoka tana samun kariya daga zama ɗaya kawai, kariyar kuma tana ɗaukar makonni. Kilomita biyar a ranar farko ganganci ne, amma ba rauni ka ji ba.

Ta biyun ce abin dubawa. A mako na uku numfashi ya fara daidaita, tsamin jiki ya tafi, mutum ya fara jin ya dawo. A nan ake ƙara nisa, a ƙara sauri, a mayar da kwana uku kwana biyar. Ita kuwa agara ba ta da labari. Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, kuma sabunta kanta yana da matuƙar jinkiri. Masu bincike a Kofanhegan, babban birnin Denmark, sun nuna a 2013 cewa tsakiyar agarar babban mutum kusan ita ce wadda ya gina kafin ya cika shekara 17. Tana iya ƙara tauri da ƙarfi idan aka ɗora mata aiki a hankali, amma da watanni ake lissafin wannan, kuma taurin yana raguwa idan aka daina aikin.

Yanzu ka duba abin da ka ɗora mata. A gudu, nauyin da ke bi ta agara a kowane taku yakan kai ninki shida na nauyin jiki, ko fiye. Kilo taran da ka ƙara sun zama sama da kilo 50 a kowane taku, kuma a kilomita biyar kowace ƙafa tana dira ƙasa fiye da sau 2,000. Ƙafar nan kuma ita ce ta yi targaɗe. Bayan targaɗe idon sawu yakan ƙage, ba ya lanƙwasuwa gaba yadda ya kamata, tsokar sha-raɓa ta yi rauni, kuma jin da ƙafa ke yi na inda take a ƙasa ya dushe. Hutu yana kawar da kumburi da ciwo, amma ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun. An ce ka huta mako shida, ka huta, sai dai babu wanda ya ce maka bayan hutun akwai aikin gyara. Wannan shi ne giɓin da na fi gani a aikina. Mutum zai zo da ciwon agara ko na gwiwa, in tambaye shi tsohon rauni ya ce ai wannan ya warke tun tuni, in ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi ɗage, sai ka ga lafiyayyar ƙafar ta yi ninkin abin da ɗayar ta yi. Shi kansa sai ya riƙe baki.

Ko ƙwararrun 'yan wasa ba su tsira daga wannan ba. A 2011 rikici tsakanin 'yan wasa da masu kulob ya tsayar da harkar gasar ƙwallon Amurka ta NFL daga Maris zuwa Yuli, 'yan wasa suka rabu da masu horar da su. Da aka sasanta aka koma atisaye cikin gaggawa, agarar mutum 12 ta tsinke cikin wata guda, alhali a wasu shekarun baya abin da aka saba gani kusan biyar ne a shekara. Waɗannan mutane ne da tsoka ba ta yi musu ƙaranci ba.

Kafin ka ɗaura takalmi

Ka ƙara kilo tara, ka haura 40, ka shekara a zaune. Ka je a auna maka hawan jini da suga, ko da kana jin garau. Idan kana da ciwon zuciya, ciwon suga ko ciwon ƙoda, sai likita ya ba ka izini kafin ka fara. Haka kuma idan kana jin nauyi ko matsi a ƙirji lokacin aiki, ko ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko haki a aikin da bai kai ya kawo ba, ko jiri, ko suma, ko bugun zuciya da ke tsalle-tsalle. Waɗannan ba a gwada su da gudu. Wani bincike da aka wallafa a 1993, wanda Murray Mittleman ya jagoranta, ya nuna cewa a cikin awa ɗaya bayan aiki mai tsanani, haɗarin bugun zuciya mai kwantar da mutum a asibiti yana ninkawa fiye da sau 100 ga wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, amma ga mai yi sau biyar ko fiye ninkin bai kai uku ba. Haɗarin a kansa ƙarami ne ga mai lafiya, kada wannan ya tsorata ka. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne hawa a hankali yana kare zuciya kamar yadda yake kare agara.

Magunguna ma a duba su. Dangin ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, suna raunana jijiya, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa musu babban gargaɗi a 2008 kan tsinkewar agara, don haka wanda ya sha su kwanan nan ya dakata da gudu da tsalle, ya tuntuɓi likitansa. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, suna rage bugun zuciya, sai lissafin bugu ya daina zama ma'auni. Mai allurar insulin yana iya samun faɗuwar suga a tsakiyar atisaye. Kuma kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ka samu ka yi gudu. Suna rufe bakin ciwon da ya kamata ka ji, kuma haɗuwarsu da gumi mai yawa ba ta yi wa ƙoda daɗi.

Yadda zan tsara maka komawar

Gudu ba shi ne farko ba. Mako biyu zuwa huɗu na farko na tafiya ne da gyaran ƙafa. Tafiya mai ɗan sauri, minti 20 zuwa 30, kwana huɗu ko biyar a mako, a saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In kana da keke ko wurin iyo, su ma suna gina numfashi ba tare da dukan agara ba. Na san wanda ya saba kilomita bakwai zai ga wannan kamar raini. Ka daure, domin ba don huhunka aka tsara shi ba.

Babban aikin shi ne ɗage. Ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya biyu sama a hankali, ka sauke a hankali, kamar daƙiƙa uku hawa, uku sauka. Sau 15, zagaye uku. Idan ya yi sauƙi ka hau da ƙafa biyu ka sauka da ɗaya, daga nan ƙafa ɗaya hawa da sauka, daga nan ka rataya jaka mai nauyi a baya. Ka yi wani da gwiwa a miƙe, wani da gwiwa a ɗan lanƙwashe, domin tsoka biyu ne ke jan agarar. Tun 1998 Håkan Alfredson a Suwidin ya nuna cewa ciwon agara da ya ƙi ji yana sauka da irin wannan ɗora nauyi na mako 12, kuma tun daga lokacin maganin agara ya koma ɗora mata aiki bisa ƙa'ida maimakon kwantar da ita. Ka lura da inda ciwon yake. Idan yana sama da dunduniya da kamar yatsa biyu zuwa huɗu, daga baya kana iya tsayawa a bakin matakala kana sauke dunduniya ƙasa da ita. Idan kuwa a kan ƙashin dunduniyar yake, inda jijiyar ta manne, ka tsaya a daɓe kawai, domin saukewa ƙasa da matakala tana matse wurin ta ƙara masa fushi.

Ka haɗa da tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, da farko ido buɗe, daga baya ido rufe kusa da abin dafawa. Wannan ne ke dawo wa idon sawu da jinsa, kuma an tabbatar yana rage sake gurɗewa. Sai tashi da zama daga kujera ba dafawa, da hawa matakala ɗaya da sauka a hankali, don cinya da ɗuwawu.

Ba kalanda ce za ta ce ka fara gudu ba, ƙafar ce. Ma'aunin da nake amfani da shi: ka yi tafiyar minti 30 da sauri ba ciwo ranar da washegari, ka yi ɗage da ƙafa ɗaya kusan sau 20 kuma ƙafafun biyu sun yi kusa da juna, ka yi ɗan tsalle a kan ƙafar dama sau goma ba ciwo, sannan taurin safiya ya gushe ko ya zama na 'yan mintoci. Idan waɗannan sun cika, ka fara da sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti biyu, sau takwas, kwana uku a mako, kuma kada ranakun su biyo juna. Jijiya tana bukatar kwana ɗaya ko biyu kafin ta gama gyaran abin da aiki ya taɓa. Mako zuwa mako ka tsawaita sassarfar ka rage tafiyar, har ka kai minti 30 a jere cikin mako takwas zuwa goma. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Tsawon lokaci ne farko, sai yawan kwanaki, sauri da hawan tudu su ne na ƙarshe, kuma ni ba na barin mai ciwon agara ya taɓa su kafin ya yi wata guda yana minti 30 lafiya.

Za ka ji ana cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a mako. Ba ƙa'ida ce da aka saukar ba. An gwada ta a Holan a kan sababbin masu gudu sama da 500, aka wallafa a 2008, kuma waɗanda suka bi ta sun ji rauni daidai da waɗanda ba su bi ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. Amfaninta kawai tana hana mutum tsalle daga kilomita 10 zuwa 20. Na fi yarda da abin da ƙafarka za ta faɗa maka da safe.

Ƙarfe kuma ka fara da rabin abin da kake ɗagawa a da, zagaye biyu, kwana biyu a mako, ka ajiye tun kana jin za ka iya ƙara uku ko huɗu. Cikin wata ɗaya za ka ga nauyin yana hawa da kansa. A nan ma tarkon ɗaya ne, tsokar za ta riga jijiyar kafaɗa da ta gwiwar hannu shiryawa. Idan ka koma ɗakin motsa jiki, ka guji ajin da mai horarwa ke tura kowa har sai ya faɗi, aƙalla a watan farko.

Ciwon da ake tafiya da shi da wanda ake tsayawa

Da agararka ta fara ciwo ka daina komai, kuma na fahimci dalili. Amma daina komai yana ƙara raunana ta, sai ka koma ka tarar da ciwon yana jiranka. Abin da muke koya wa marasa lafiya shi ne su auna ciwon daga sifili zuwa goma. Wani bincike da Karin Silbernagel ta yi a Suwidin a 2007 ya bar masu ciwon agara su ci gaba da gudu muddin ciwon bai wuce biyar ba kuma ya lafa kafin washegari, kuma sun warke daidai da waɗanda aka hana gudu. Ni nakan tsayar da wanda ba na ganinsa ido da ido a uku ko huɗu. Alƙalin shi ne takun farko da safe. Idan ya yi daidai da na jiya, aikin jiya ya yi daidai. Idan ya fi, kuma ya kwana biyu bai sauka ba, ka koma matakin makon da ya wuce, kada ka koma kujera.

Akwai ciwon da ba a ciniki da shi. Ciwo mai kaifi da ke sa ɗingishi. Kumburin gaɓa. Ciwo a wuri ɗaya tak a kan ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya kuma yana ƙaruwa da kowane taku, domin yana iya zama tsagewar ƙashi. Jin kamar an buge ka da sanda a bayan ƙafa, sannan ka kasa ɗage, wannan alamar tsinkewar agara ce kuma asibiti ake zuwa a ranar. Sai tsamin jiki da ya wuce misali, tsoka ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ja mai duhu. Wannan narkewar tsoka ce, tana iya kashe ƙoda, kuma ta fi kama wanda ya taɓa zama mai ƙarfi ya dawo ya yi aikin da a rana ɗaya, musamman cikin zafi. Mai ɗauke da jinin sikila, wato AS, ya ƙara kiyayewa. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sake sabawa da aiki cikin zafi, sabon da ka yi a da ya riga ya tafi. In kuma zazzaɓi ya kama ka a tsakiyar shirin, babu atisaye har sai ya sauka ka ji ƙarfi, domin wasu cututtukan suna taɓa tsokar zuciya.

Takalmin da ba ka son gani

Targaɗen mako shida ya ci maka, sauran wata 12 da ɗoriya wani abu ne ya ci su. A zuciyarka motsa jiki yana nufin kilomita biyar zuwa bakwai, duk abin da bai kai haka ba ba komai ba ne, don haka ranar da babu awa ɗaya babu fita. Wannan tunani ne ya mayar da hutu ya zama bari, kuma zai sake yi idan ba ka canza shi ba, domin aiki zai sake yawa, rashin lafiya za ta sake zuwa.

Riƙe abin da aka gina ya fi gina shi araha nesa ba kusa ba. Robert Hickson ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa mutanen da suka rage atisaye daga kwana shida zuwa kwana biyu a mako sun riƙe ƙarfin numfashinsu har mako 15, muddin ba su rage ƙarfin aikin ba. A ɓangaren ƙarfe ma an ga zama ɗaya a mako yana riƙe ƙarfi na watanni. Don haka tun yanzu ka yanke wa kanka mafi ƙarancin abin da ba ka sauka ƙasa da shi ko ana ha-maza-ha-mata, misali minti 15 sau biyu a mako da ɗage zagaye uku. Da babu gara ba daɗi. Ka kuma sa wa fitar rana da lokaci da wuri, domin "zan riƙa fita" ba ya fitar da kowa. Idan rana ɗaya ta kuɓuce, ta kuɓuce. A binciken Phillippa Lally na 2010 a Landan, sabon hali ya ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Kada kuma ka rama ranar da ta wuce ta hanyar ninka ta gobe.

Ka ajiye tsofaffin lokutanka na wata uku. In kana da agogo ko manhaja da ke nuna maka su, ka rufe wannan shafin, ka buɗe sabon lissafi daga makon da ka fara. Sikeli ma kada ka sa shi alƙali. Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa, abin da ake ci ne ke da rinjaye a nan, amma hawan jini da suga da barci suna gyaruwa tun kilo bai motsa ba. Inda ake so ka isa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata a 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiyar makonninka na farko kaɗai ta kusa kai ka gaɓar farko.

Duk wannan na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban taɓa ƙafar ba. Ciwon bayan dunduniya yana iya fitowa daga jijiyar, ko daga jakar ruwan da ke ƙarƙashinta, ko daga idon sawun da jijiyoyinsa suka saki tun targaɗen, kuma hannu ne ke bambance su. Idan ƙafar tana yawan gurɗewa ko kana jin tana sakinka a ƙasa marar daidai, ko ka yi mako shida kana ɗage ba ka ga sauyi a taurin safiya ba, ka je likitan fisiyo ya duba ta kafin ka fara sassarfa. In an yi maka tayin allurar kashe kumburi a jikin agarar, ka nemi a yi maka bayanin haɗarin tsinkewa tukuna. Idan komai ya tafi daidai, ina sa ran kilomita biyar ɗinka a wata na uku ko na huɗu, a saurin da bai kai na da ba, saurin kuma ya biyo baya a watannin da ke gaba. Allah ya ƙara lafiya.